Darasi na Tara: Harsashi Ba Ya Tafiya a Miƙe

Duk wanda ya taɓa jifan mangwaro daga nesa ya san sai ya ɗaga hannu sama da inda ɗan yake. Maharbin baka ma haka yake yi da kibiyarsa. Harsashi bai fi ƙarfin wannan doka ba, saurinsa ne ke ɓoye mana ita. Ilimin tafiyar harsashi shi ake kira balistik, kuma inda ya fi fitowa fili shi ne gasar harbin nesa. A kusa da garin Raton, jihar New Mexico ta Amurka, ana gasar harbin farantin ƙarfe daga nisan mil 2, wato sama da kilomita 3. Yau za mu koyi kalmomin da waɗannan maharba ke amfani da su.

Ta farko ita ce gudun fita, wato saurin harsashi a lokacin da ya bar bakin bindiga. A irin waɗannan bindigogi yakan kai mita 900 a daƙiƙa ɗaya. Sauti kuwa mita 340 yake ci a daƙiƙa.

Sai faɗuwa. A nan nake so mu tsaya, domin ita ce uwar darasin. Tun daga fitarsa ƙasa ke jan harsashi, kamar yadda take jan dutsen da ka saki daga hannu. A daƙiƙa ta farko zai sauka kusan mita 5. In an cika daƙiƙa 2, saukar ta kusa mita 20. Ku lura, ninki huɗu ke nan, ba biyu ba. Harsashin da zai ci mil 2 yakan yi fiye da daƙiƙa 5 a iska, saboda haka faɗuwarsa ta wuce mita 100. Shi ya sa maharbi ke ɗaga bakin bindiga, harsashin ya hau sama ya lanƙwaso kamar bakan gizo. Galileo, masanin Italiya, ya bayyana wannan lanƙwasa tun 1638.

Iska kuma gaba biyu take yi da harsashi. Tana tokare shi daga gaba tana rage masa gudu. Wannan shi ne jan iska. Dogon harsashi mai nauyi da tsinin kai ya fi iya ratsa ta, kuma akwai lamba da ake ba kowane harsashi don nuna haka: lambar ratsa iska. In ta yi yawa, ya fi riƙe gudunsa. Sannan iskar gefe tana ture shi hagu ko dama. A ganina ita ce mafi wuyar sha'ani, don faɗuwa ana lissafa ta a takarda, amma iska tana iya sauya hali sau uku kafin harsashi ya isa.

Da me ake auna gyaran saiti? Da ma'aunin kusurwa mai suna mil (kada ku haɗa shi da mil na tafiya). Mil 1 santimita 10 ne a nisan mita 100, mita 1 kuma a nisan mita 1,000.

Saura ƙanana biyu. Cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwar yara, don kada ya yi ta wuntsilawa. In murɗin na dama ne, a hankali harsashin zai karkata dama. Ita ma duniya tana juyawa yayin da yake sama, sai wanda ya harba gabas ya ga ya ɗan haura, na yamma ya ɗan sauka. Karkatar da juyin duniya ke jawowa an sa mata sunan Koriyolis, Bafaranshen da ya yi bayaninta a 1835.

Aiki: Rubuta kalmomin nan a littafinka: gudun fita, faɗuwa, jan iska, mil. Sannan ka lissafa: harsashi ya sauka mita 2 ƙasa da faranti a nisan mita 1,000. Mil nawa maharbi zai ɗaga saitinsa?