Kalmomin Turanci da Hausarmu ke ja mu ga kuskure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata 'yar shawara, musamman ga ƙannenmu masu shirin zana WAEC da NECO.

Da yawa daga cikin kurakuranmu a Turanci daga Hausa suke tasowa, inda kalma ɗaya tamu ke ɗaukar aikin kalmomi biyu nasu. Ku duba aro. Mukan ce na ari biro, mu kuma ce ara mini biro, tushe ɗaya. Shi Bature ya raba: borrow na mai karɓa ne, lend na mai bayarwa. Don haka "borrow me your pen" da muke ji a aji kullum kuskure ne. Ka ce "lend me your pen", ko "can I borrow your pen?" Dabarar da nake bai wa ɗalibaina ita ce su tambayi kansu, hannun wa ke karɓa? In naka ne ke karɓa, kai ke borrow.

Haka baƙo. Wanda ka gayyata ko ya sauka gidanka guest ne. Stranger mutumin da ba ka sani ba sam. Na taɓa jin wani ya gabatar da surukinsa da cewa "my stranger", kunya ta kama ni a madadinsa.

Sai well done. Mu muna nufin sannu da aiki, amma a Ingila yabo ne bayan an gama abu da kyau. Wanda ka tarar yana tsakiyar aiki, good morning ko good afternoon ta wadatar.