Yadda ake gane cutar fitofilazma a tumatir da dankalin turawa

Fitofilazma ƙwayar cuta ce dangin bakteriya, sai dai ba ta da bangon jiki, kuma a cikin jijiyoyin da ke raba abinci a jikin shuka take zama. A Japan aka fara gano ta a 1967. Maganin feshin naman gwari ba ya taɓa ta, don haka kada manomi ya ɓata kuɗinsa a kansa.

A tumatir, fure za ka fara dubawa. Tohon furen yakan kumbura ya ƙi buɗewa, ganyen da ke rufe shi ya yi girma fiye da kima, furen da ya buɗe kuma ya fito kore maimakon rawaya. Rassan sama su miƙe tsaye, sabon ganye ya ƙanƙance ya koma shunayya. 'Ya'yan da aka samu ƙanana ne masu tauri, ba ruwa.

A dankali, ganyen sama ne ke naɗewa ya rine, sannan ƙananan dankali su fito a jikin kara, a hammatar ganye. Na cikin ƙasa kan yi laushi kamar roba, in aka ajiye shi ya fitar da tsiro siriri kamar zare. Irin wannan ba irin shuka ba ne, a ware shi.

Nan ake yawan kuskure: ƙarancin sinadarin fosfaras ma yana rina ganye, amma shi daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, ya kama fili ɗaya baki ɗaya. Fitofilazma kuwa tsinta-tsinta take yi, galibi daga gefen gona. Tabbaci sai an kai samfur ɗakin gwaji an yi gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar halittar cutar.

Ƙananan ƙwari masu tsalle da ke tsotson ruwan ganye ne ke ɗauko ta daga ciyawa. Wuƙa ko hannu ba sa yaɗa ta. Alamar takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, shi ya sa feshi bayan an gan ta ya makara.

A rufe gadon renon tumatir da raga mai ƙananan idanu har ranar dashe. A nome ciyawar gefen gona kafin shuka, ba bayan ta fara bushewa ba, lokacin da ƙwarin ke ƙaura zuwa amfanin gona. A kafa tarkon rawaya mai danƙo a gefuna, a duba shi duk mako. Shukar da ta kamu a tumɓuke ta da saiwa, a sa a buhu nan take, a binne ko a ƙone nesa da gona.