Yadda ake daidaita cin abinci idan shawarwari sun yi karo da juna

Na sha ganin mutane a nan Jos, ciki har da ni kaina, sun dawo daga asibiti da labarin cewa jininsu ya hau ko sukarinsu ya yi yawa, kuma abin da suke fara nema shi ne abincin da za su haramta wa kansu. Wannan ya ce a bar ƙwai, wancan ya ce manja ne ummul'aba'isi, sai kuma saƙo ya shigo ta WhatsApp yana cewa shinkafa guba ce, acha kuwa magani. Mutum ya ɗaure kansa mako uku ko huɗu, ya gaji, ya koma gidan jiya. Abin da ya kamata a fara da shi awo ne, haramci kuwa sai idan likita ya ambaci wani abinci da sunansa.

Matakin farko shi ne tace shawara. Duk wanda yake yabon wani gari ko wani shayi kuma shi ne mai sayar da shi, a ajiye maganarsa gefe. Haka ma shawarar da ta jingina dukkan laifi ga abinci guda ɗaya. Gaskiya ne cewa masana kan sauya ra'ayi, domin a shekarar 2015 hukumomin Amurka sun cire iyakar miligiram 300 na kolesterol da suka daɗe suna gindayawa a abincin yini, wadda ita ce ta sa jama'a ke tsoron ƙwai. Amma akwai ma'aunan da suka daɗe ba su motsa ba, kuma su ya kamata a riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 ga baligi, idan ya tsaya a giram 25 ya fi. Ganye da 'ya'yan itatuwa kuwa aƙalla giram 400.

Bayan haka sai ka san inda kake tsaye. A auna jininka, a kuma gwada sukarinka da safe kafin ka karya kumallo, ka rubuta lambobin da kwanan wata. Jinin da yake kaiwa 140 bisa 90 a awo daban-daban, ko sukarin da ya kai 126 a ma'aunin mg/dL kafin cin abinci, magana ce ta likita, ba ta gyaran tukunya kaɗai ba.

Mataki na uku, wato lura da yawan abin da ake ci, shi ne wanda ya kayar da ni, don haka zan daɗe a kansa. Da aka ce mini sukarina ya fara hawa, sai na daina cin shinkafa da tuwon masara gaba ɗaya, na koma tuwon acha da na alkama, ina ganin na tsira. Tunda a raina magani nake ci, malmala biyu manya nake tashi da su da dare, wani lokaci har da ƙari. Wata rana uwargida ta tsaya da mara a hannunta ta dube ni, ta ce, "Maigida, da can malmala ɗaya kake ci, yanzu da aka ce ka rage sai ka koma biyu?" Na ce mata ai acha ce. Bayan wata uku da na koma gwaji, lambar ba ta sauka ba, kuɗin cefane ne kawai ya ƙaru, domin mudun acha ya fi na masara tsada nesa ba kusa ba. Acha abinci ce mai kyau, kuma mu a Filato muna alfahari da ita, amma hatsi ce kamar sauran hatsi, jiki kuma sukari yake mayar da ita.

Gyaran da ya yi mini aiki shi ne raba faranti. Rabinsa ganye ne ko kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ragowar kashi ɗaya kuma tuwo ko shinkafa ko dankalin Turawa. A tuwo, wannan na nufin malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannunka ba, da miya mai yawan ganye, irin su alayyafo, zogale, rama ko ɗanyar kuɓewa. Ka'idata ita ce a zuba wa mutum nasa a faranti tun daga madafa, kada a ajiye masa kula a gabansa, domin wanda kula ke kusa da hannunsa ba ya sanin adadin da ya ci. A gidan da ake ci a tire ɗaya, sai mai neman ragewa ya ware nasa tun farko, ko da za a yi masa tsiya kwana biyu. Kuma a fara da ganyen kafin a taɓa tuwon. Gwate ya sauƙaƙa wannan duka, muddin ganye ya fi tsakin yawa a tukunyar. Batun tsada ba hujja ba ne a garin nan, domin wanda ya je kasuwar Farin Gada da sassafe zai sami kabeji da karas da koren wake da araha fiye da yadda ake saye a Abuja.

Sai gishiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rage gishirin da ake barbaɗawa a ƙara dunƙule, alhali kaso mai yawa na dunƙulen gishiri ne. A ƙirga dunƙulen da ke shiga tukunya a yau, a rage ɗaya a mako, a cike gurbinsa da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Idan aka yi a hankali harshe yana sabawa, amma idan aka cire rana ɗaya yara za su ƙi miyar, uwargida kuma ta mayar da abinta. A tuna da gishirin da ke cikin yajin tsire da kilishi da taliyar leda.

Abin sha ba ya buƙatar dogon bayani. Kwalbar lemo mai santilita 50 kan ɗauki sukarin da ya kai kimanin giram 50, wato rabon yini guda a zama ɗaya. Zoɓo da kunun zaƙi na kasuwa ba su fi shi ba idan an cika musu sukari, zuma kuma a wannan lissafin sukari ce. A sanyin Jos mutum kan sha shayi sau uku a yini, don haka a ƙirga cokulan.

Man suya kada a yi ta maimaita shi har ya yi baƙi. A yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30 sau biyar a mako, wanda ya cika minti 150 da ake nema. Wanda yake shan maganin hawan jini ko na sukari kada ya ajiye shi don ya gyara faranti. Bayan wata uku a koma a sake awo, a tafi da takardar da aka rubuta lambobin farko domin likita ya kwatanta.