Babi na 7: Yadda Ake Riƙon Makauniyar Kyanwa a Gida

Darasi na 1: Makauniya ce, ko ba makauniya ba ce?

'Yan uwa, ku karanta a hankali, ba gudu muke ba. Wanda ya tsinci ƴar kyanwa a bayan gida ko a bakin kasuwa, ya ga idonta a rufe, kada ya yi saurin cewa makauniya ce. Duk ƴaƴan kyanwa da ido a rufe ake haifarsu, sai sun yi kwana 7 zuwa 10 idon yake buɗewa.

Idan ta girma, ga yadda za ku gwada. Ku ɗauki ƴar auduga, ku sake ta ta faɗo a gaban fuskarta. Auduga muka ce, don ba ta yin ƙara. Mai gani za ta bi ta da ido har ƙasa. Makauniya ba za ta kula ba. Za ku kuma ga tana karo da bango, tana tafiya kanta a ƙasa, tana shinshina hanya.

Abin da ya fi makantar da ƙanana shi ne ciwon ido mai zuwa da mura: ido ya cika da kwantsa da ruwa har ya lalace. Tsofaffi kuwa, yanar ido ko hawan jini. Wani ciwon yana jin magani idan an yi sauri, saboda haka ku kai ta asibitin dabbobi tun ranar farko.

Darasi na 2: Kada a matsar da kwano

Wannan shi ne babban darasi. Wanda ya gane shi ya gane babin.

Kyanwar da ba ta gani tana haddace gida ne da hanci, da kunne, da gashin baki, kamar yadda makaho ya san taku nawa ne daga ɗakinsa zuwa zaure. Ku zaɓa mata ɗaki guda, ku tsare ta a ciki tukuna. Ku ajiye abu uku: kwanon abinci, kwanon ruwa, da tsohon kasko ko roba mai yashi, inda za ta yi bayan gida. Kaskon yashi ya yi nesa da abinci, don kyanwa ba ta son ci kusa da ƙazanta. Ku kai ta gaban kowanne ta shinshina. Daga nan, inda kuka ajiye, nan ne wurinsa.

Ku karanta da ƙarfi: Kwano yana nan. Ruwa yana nan. Yashi yana nan. Ba a matsar da su.

Madalla. Ku sake karantawa.

A nan ne mutane suke kuskure, kuma ba da mugunta ba. Uwargida ta zo shara da safe, ta ɗage kwano ta ɗora a kan taga, ta gama ta sauke shi a bayan ƙofa. A wurinta, ai yana cikin ɗakin. A wurin kyanwa kuwa kwano ya ɓace. Za ku gan ta tsaye daidai inda yake jiya, tana sunkuyar da kai, tana lasar siminti, tana kuka. To ga dabara: ku ɗauki gawayi ko alli, ku zagaye gindin kwanon a ƙasa. An wanke, a mayar cikin zanen. An yi shara, a mayar cikin zanen. Yaro ne ya ɗauka, ya mayar cikin zanen.

Na faɗi wannan a aji, an ce an gane, amma har yanzu ana zuwa ana ce mini kyanwa ta ƙi ci, ko ta yi fitsari a kan tabarma. In na tambaya, sai a ce an ɗan gyara ɗaki ne kawai. Haba jama'a! Babu "ɗan gyara" a wurin wanda ba ya gani. Ba ƙin ci ta yi ba, ku kuka ɓoye mata abincin. Taku biyu kuka matsar, ita kuwa kun sauya mata gida gaba ɗaya. Kujera ma, da buhun hatsi, da turmi, a bar su inda ta san su.

Wani ya taɓa tambaya ko tsare ta a ɗaki bai shiga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba. Tambaya ce mai kyau. Waccan matar tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ku kuwa kuna ciyar da ita, kuna shayar da ita, kuma bayan ƴan kwanaki za ku buɗe mata ƙofa ta koyi tsakar gida da kaɗan-kaɗan. Ko a lokacin, kwano yana nan inda yake.

Darasi na 3: Magana kafin taɓawa

Kada ku cafke ta ba zato, za ta firgita ta yi yakushi. Ku kira ta tukuna, ku miƙa hannu ta shinshina, sannan ku shafa. In kun ɗauke ta, ku sauke ta kusa da kwanonta, daga nan take gane inda take. Ku hana yara yanke mata gashin baki. Da shi take jin bango kafin ta yi karo.

Darasi na 4: Haɗari a tsakar gida

A rufe rijiya. A rufe randa da bokitin ruwa. A kula da murhu da garwashi. A ɗauke maganin ɓera. Kada ta fita waje, akwai babura da karnuka.

Darasi na 5: Ci da magani

Kifi ko nama dafaffe, ba ƙaya, ba albasa, ba tafarnuwa. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo. Kada a ba ta farasitamol, yana kashe kyanwa. Idan ta kai wata 3, a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Aikin gida: ku rubuta abu uku da ba a matsarwa, ku kawo gobe.