Yadda ake shirya rangadin ban tsoro zuwa kufai a kan dutse

Irin wannan rangadi wasan kwaikwayo ne da ake yi a tafe. Jagora ya ɗebi ayarin baƙi da yamma, su hau dutse zuwa wani tsohon kango da ake cewa fatalwa na yawo a cikinsa, 'yan wasa kuma sun laɓe a hanya suna fitowa da labarin wurin kaɗan-kaɗan. Duk shirin yana tsaye ne a kan ƙa'ida ɗaya: a razana mutum a inda ƙafarsa take daram kawai.

Fara da wurin, kuma kafin ka rubuta ko layi ɗaya ka nemi izini. Yawancin kufan tarihi suna ƙarƙashin hukuma, kuma ba duka ake yarda a shiga da dare ba. Ganuwar Bhangarh da ke jihar Rajasthan a Indiya ta yi suna da labarin fatalwa, amma hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta hana shiga daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. A wuri irin wannan, dole wasanka ya ƙare kafin almuru. Ka kuma tambaya game da namun daji: an taɓa rufe hanyar hawa ganuwar Poenari a Romaniya saboda beyar da ke yawo a dajin.

Sai ka taka hanyar da ƙafarka, da rana da kuma a daidai lokacin da za a yi wasan. Masu hawan dutse suna da ma'aunin da William Naismith ya kafa a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafin ƙaƙƙarfan matafiyi ne. Ayarin da ke tsayawa kallon wasa a cikin duhu, ni dai ina ganin a ninka masa lokacin. Sanyi ma yana ƙaruwa, kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, kuma wanda ya yi gumi a hawa shi ya fi jin sa idan an tsaya.

Yanzu labari, kuma nan ne masu shiri suka fi yin sakaci. Suna sayo fuskokin roba da jinin bogi, su bar abin da dutsen da kansa yake ɗauke da shi. Dubi Poenari. Matakala 1,480 ake hawa kafin a kai kangon da ke kallon kwarin kogin Argeș. Vlad na Uku, sarkin Walakiya (yanki ne a kudancin Romaniya ta yau) wanda ya shahara da tsire abokan gaba, shi ya gyara ganuwar a ƙarni na 15, kuma ana ba da labarin cewa manyan fadawan Târgoviște, babban birninsa, ya tilasta wa aikin ginin har tufafinsu suka yayyage a jikinsu. Akwai kuma almarar matarsa, wadda aka ce ta faɗa kwarin daga saman ganuwa lokacin da sojojin Daular Usmaniyya suka zo a 1462, don kada a kama ta. Me za ka ƙirƙira da ya wuce wannan? Mutum ɗaya da yagaggiyar rigar sarauta, yana ɗauke da dutse yana hawa a gefen baƙi ba tare da ya ce uffan ba, ya fi dodanni goma masu ihu tayar da tsigar jiki. Sai dai jagora ya bambance wa mutane tarihi da almara, ko da a ƙarshen tafiya ne. Idan akwai kaburbura a wurin, ko mutanen ƙauyen kusa suna girmama shi, a kauce musu. Matattun wasu ba kayan wasa ba ne.

Bayan haka ka zana taswirar razanarwa. Raba hanyar gida biyu: inda ake tafiya da inda ake tsayawa. A kan matakala, bakin rami, gada ko gangara mai santsi, babu mai fitowa kwatsam, babu ƙara. Wanda ya firgita baya yake ja ba tare da ya duba ba, kuma akwai mutum a bayansa. Wuraren wasa su zama fili mai faɗi, nesa da gaɓa. Ɗan wasa ba ya taɓa baƙo, ba ya bin kowa da gudu. Ka fara da abu mai sauƙi a gindin dutse, kamar wata murya daga nesa, ka bar gajiya da duhu su yi maka aiki, ka ajiye babban fage sai an isa kangon.

Haske kuwa, kowane baƙo ya samu fitilar goshi. A wurin wasa a koma jan haske, domin ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana ɓata wannan nan take. Kada a kunna wuta ko kyandir a cikin kufai, kada a kafa ƙusa a bango, kada ɗan wasa ya hau tsohon gini. Lasifika mai ƙarfi tana korar jemagu da tsuntsayen da ke kwana a wurin, ga shi ƙarar iska ta fi ta ban tsoro.

Tun wajen sayar da tikiti a faɗa wa mutane tsawon hawan, irin takalmin da ake buƙata, da mafi ƙarancin shekaru. Masu ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya, da mata masu juna biyu, su san abin da ke gaba kafin su biya. A ba kowa wata kalma da zai furta idan abin ya fi ƙarfinsa, 'yan wasa su daina nan take. Jagora ɗaya a gaba, ɗaya a baya, da oba-oba da akwatin taimakon gaggawa, domin waya ba ta cika samun sabis a tsauni ba. Hadari ko tsawa ya taso, a soke.

Saukowa ba wasa a cikinta. Gwiwa ta gaji, hankali ya kwanta, a nan ake yawan zamewa. 'Yan wasa su cire fuskokinsu, a kunna farin haske, a ƙirga mutane a sama, a sake ƙirga su a ƙasa kafin kowace mota ta tashi.