Ku rufe littafin, ku tambayi yaron

Iyaye da malamai, ga wata dabara da na gwada da ɗana mai shirin WAEC. Da can sai ya zauna yana ta karanta misalan lissafin da malam ya warware, yana gyaɗa kai wai ya gane. Ranar jarrabawa kuwa komai ya gudu.

Yanzu ga yadda muke yi. Ya koyi abu ranar Litinin, a ce warware 2x + 5 = 17. Talata sai in rufe littafin, in miƙa masa farar takarda da tambayoyi uku masu kama da ita, ba leƙe. In ya kuskure mu nemo inda ya zame, ya sake da hannunsa. Sai kuma Juma'a, sai bayan mako, sai bayan wata. Minti goma ya wadatar. Nakan cakuɗa su ma: ɗaya ta aljabara, ɗaya ta kashi cikin ɗari, ɗaya ta faɗin da'ira, tunda takardar jarrabawa ba ta gaya wa yaro babin da tambaya ta fito.

Tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan'adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo. Mu ma ai mun sani, gardi ba ya riƙe hadda sai da tilawa, yana bitar na baya da ka.

Yaron zai yi ƙorafin wahala. Ku bar shi ya ɗan yi fama kafin ku sa baki. Nawa sai da ya yi mako biyu yana tura baki.