Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Aiki da Takardun Turawan Mishan

Ɗalibin da ya ɗauki batun haɗuwar Turawan mishan da Musulmi ko Maguzawa a ƙasar Hausa yakan yi murna da yawan abin karantawa, domin mutanen nan ba su yi wasa da alƙalami ba. Wasiƙu, rahoton shekara, littafin abin da ya faru yau da gobe, hotuna, lissafin kuɗi, duk sun bari. To, yawan nan shi ne tarkon. Kusan duk takardar da za ka ɗauka, ma'aikaci ne ya rubuta wa hukumar da ke biyansa albashi, ko kuma an tsara ta don masu ba da baiko a majami'un Landan da Toronto. Wanda ya manta da haka zai kwafi ra'ayin mutum ɗaya ya sa masa suna tarihi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar mujallar mishan a matsayin takardar asali. Ƙungiyar CMS ta cocin Ingila, wadda aka kafa a 1799, tana da mujallu irin su Intelligencer da Gleaner, ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) tana da Lightbearer, ta SIM (Sudan Interior Mission) kuma tana da Sudan Witness. Su ne suka fi sauƙin samu, wasu ma suna intanet, shi ya sa ɗalibai ke rububinsu. Amma abin da aka buga a ciki ya bi ta hannun edita. Wasiƙar da ɗan mishan ya aiko daga Lakwaja ko Zariya tana iya ƙunsar ƙorafi kan abokin aikinsa, da kukan cewa shekara ta wuce ba wanda ya karɓi baftisma, da amincewa cewa wani malami ya ƙure shi a muhawara. Edita zai bar labarin yaron da ya nemi littafi, ya yanke sauran, domin labarin karaya ba ya kawo kuɗi. Maganin abin shi ne ka koma ga asali. Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham, kuma tsarinsu ba wuya: A3 na mishan ɗin Kogin Kwara ne, A9 na Arewacin Nijeriya, harafin O na nufin takardun da suka shigo daga fagen aiki, L kwafin wasiƙun da hedkwata ta aika, P kuma taƙaitawar da aka yi wa 'yan kwamiti. Ajiye wasiƙar asali kusa da wadda aka buga, ka duba abin da aka cire. Sau da yawa abin da aka cire ɗin nan shi ne babin da ya fi kowanne armashi a kundinka. Idan kuwa mujallar kaɗai ka samu, yi amfani da ita, amma ka faɗa a fili cewa bugaggen sashe ne, ba wasiƙar kanta ba.

Ko asalin ma, shaidar ɓangare ɗaya ce, kuma alƙalin kirki ba ya yanke hukunci sai ya ji daga bakin wanda ake ƙara. Ɗauki zuwan Bishop Herbert Tugwell na CMS Kano a 1900, tare da Dakta Walter Miller da wasu uku. Sarki Alu Babba ya ƙi ba su wurin zama, ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. Kalmomin da ake yawan jingina wa sarkin a kasidu, daga alƙalamin baƙin da aka kora suka fito, bayan an fassara su zuwa Turanci don masu karatu a Ingila. Ɗalibi sai ya sa su cikin alamar zance ya ce "Sarkin Kano ya ce", alhali abin da ya kamata ya rubuta shi ne "wane ya ruwaito cewa sarkin ya ce". Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma mu da muka taso muna jin ana tambayar isnadi bai kamata a koya mana shi ba.

Inda aka yi sa'a ɓangarorin biyu suka rubuta, nan ake ganin girman matsalar. A Afrilun 1854 aka yi muhawara a Agra ta ƙasar Indiya tsakanin Karl Pfander na CMS da Shaihu Rahmatullahi al-Kairanawi, wanda daga baya ya wallafa Izharul Haƙƙi. Kowane ɓangare ya fitar da nasa bayanin yadda zaman ya gudana, kuma in ka karanta su a jere sai ka rantse majalisa biyu aka yi. A ƙasar Hausa ba kasafai ake samun irin wannan ba, amma hakan ba hujja ba ce ta zama da baki ɗaya. Akwai risalar da Waziri Buhari na Sakkwato ya rubuta wa malamai yana bayyana dalilinsa na yin sulhu da Turawa bayan 1903. Akwai waƙoƙin Imam Umaru, ɗan Kano da ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, kan zuwan Nasara. Akwai wasiƙun sarakuna da Larabci a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa. Sai dai a lura: waɗannan galibi kan masu bindiga da haraji suke magana, ba kan masu wa'azin bishara ba, don haka kada ka ɗora wa mishan duk baitin da ya ambaci Nasara. Sannan akwai tsofaffi a Wusasa da Tsibiri kusa da Zariya, da ƙauyukan Maguzawa, waɗanda kakanninsu ne takardun ke kira da lamba ko da sunan da Bature ya ga dama.

Daga nan sai kuskuren yarda da fassarar da ɗan mishan ya yi wa addinin wasu. Ya zo da tambayarsa a kai, wato ina ƙofar shiga, don haka duk abin da ya gani da wannan ma'auni yake auna shi. Labarin Isawa ya isa misali. A tsakiyar ƙarni na 19 wani Malam Ibrahim ya yi koyarwa a Kano wadda ta ba Annabi Isa matsayi na musamman, aka kashe shi, mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi Ningi. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka iske Miller a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi, inda ciwon barci ya yi musu ɓarna. A idon mishan, waɗannan mutane ne da Allah ya shirya tun da daɗewa suna jiran bishara, kuma haka aka ba da labarin a Ingila. Mai bincike kuwa dole ya tambaya: Malam Ibrahim daga ina ya ɗauko koyarwarsa? Daga Alƙur'ani da zancen saukowar Annabi Isa a ƙarshen zamani, abin da ya cika bakin malamai a wancan ƙarni na jiran Mahadi. Waɗanda suka bi Miller sun zama Kirista da gaske, wasu kuma ba su bi ba, kuma duka biyun tarihi ne. Wanda ya kwafi labarin mishan yadda yake, ya goge rabin. Wanda ya ce duk ƙarya ce don Bature ya rubuta, ya goge ɗaya rabin. Haka abin yake ga bori: bayanin da za ka samu na kayan girka da sunayen iskoki yana iya zama sahihi ƙwarai, amma hukuncin da aka lulluɓe shi da shi na marubucin ne. Ware abin da idonsa ya gani daga abin da zuciyarsa ta yanke.

Wani abin da ke ɓata kundi shi ne jimlar nan ta "'yan mishan sun ɗauka cewa". Waɗanne? Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe da aka naɗa bishop a 1864, ya shafe shekaru yana mu'amala da Etsu Masaba na Nupe, yana kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, kuma ya gwammace ya amsa tambayar malamai da karanta aya a kan ya tsaya cacar baki. Matasan Turawan da suka sauka Lakwaja a 1890, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, sun zo da wata hanya dabam, suka sa riga da rawani, suka kuma yi wa ma'aikatan Crowther baƙaƙen fata dirar mikiya a taron Onica na wannan shekarar har aka dakatar da da yawa daga cikinsu. Idan ka karanta rahotonsu cewa aikin Crowther bai tsinana komai ba a wajen Musulmi, ka sani kana karanta takardar mai husuma ne. Kafin ka ɗauko magana daga kowane ɗan mishan, san shekarar da ya iso, ko yana jin Hausa ko da tafinta yake, da wanda yake faɗa da shi a lokacin. Wasiƙar watansa na uku da ta shekararsa ta ashirin ba nauyinsu ɗaya ba. Kuma nemi Bahaushen da ke bayan labule: littattafan Hausa na J. F. Schön, ɗan mishan na CMS, har da Magana Hausa na 1885, sun dogara ƙwarai da bakin Dorugu, yaron da matafiyin Jamus Heinrich Barth ya tafi da shi Turai.

Dangantakar mishan da gwamnatin mulkin mallaka ma ana yi mata kuɗin goro, ta fuska biyu. Wasu su ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wasu su ce ba abin da ya haɗa su. Fayilolin Kaduna, irin su SNP (na sakatariyar Arewa) da Kanoprof da Zarprof (na lardunan Kano da Zariya), cike suke da jayayya tsakanin razdan da mishan kan izinin fili da wa'azi a kasuwa, domin Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a Maris na 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, kuma magadansa sun riƙe wannan a matsayin dalilin hana mishan shiga biranen sarakuna. Duk da haka Miller ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905 kafin a koma Wusasa. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, da G. P. Bargery mai ƙamus, duka da rigar CMS suka fara kafin su koma aikin ilimi na gwamnati. A shekarun 1930 kuma da yardar gwamnati da En'e aka miƙa wa SIM aikin masu cutar kuturta a wurare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Fayil ɗin mishan kaɗai zai nuna maka gwamnati azzaluma mai tare hanya, na gwamnati kaɗai zai nuna maka mishan mai neman fitina. Karanta su biyun a kan rigima ɗaya, shekara ɗaya.

Sauran kurakuran na neman wuri ne, kuma gyaransu ba ya cin lokaci. Takardun ba sa wuri ɗaya: kowace ƙungiya ta kwashe nata zuwa gida. Na SIM suna Amurka, na reshen Birtaniya na SUM suna Edinburgh, na ƙungiyar Littafi Mai Tsarki da ta buga cikakkiyar fassarar Hausa a 1932 suna ɗakin karatun Jami'ar Cambridge, na mishan ɗin Basel da suka yi aiki a Gana da Kamaru suna Suwizalan da Jamusanci, na Katolika kuma yawanci a Rum. A takardun Katolika ne ake samun labarin wasu limamansu biyu da suka taso daga Tarabulus ta Agadas suka mutu a Katsina a 1711. Mai aiki kan Damagaram, inda SIM ta zauna tun 1924, ko asibitin Galmi, sai ya haɗa da Faransanci da ma'ajiyar Yamai da ta Aix-en-Provence. Sunan Sudan a cikin SIM da SUM yankinmu yake nufi, ba ƙasar Hartum kaɗai ba, kada ka tsallake akwatin. Wajen bincike a kwamfuta kuma, gwada tsofaffin rubutun suna: Haussa, Housa, Zinder, Mohammedan.

Lambobi su ma a yi hattara. Masu zuwa sujada, masu koyo, waɗanda aka yi wa baftisma, da masu cin jibin Ubangiji rukuni huɗu ne dabam, kuma a asibitin kuturta wanda ya zo karɓar allura ya zauna ya ji wa'azi ana iya ƙirga shi cikin mahalarta. Hoto kuma, rubutun da ke ƙasansa wani lokaci a Turai aka ƙara shi, bayan shekaru, da hannun wanda bai taɓa taka garin ba.

Sai batun sunaye. Cikin fayilolin nan za ka ci karo da sunan wanda ya bar addinin gidansu a ɓoye, ko wanda ya shiga ya sake fita, ko wadda aka kwantar da cutar da har yau ake ƙyama. Jikokinsu suna raye, wasu limamai ne, wasu fastoci, kuma ba kowa ne ya san abin da ke cikin takardar ba. Sarki da bishop da razdan a ambace su, aikinsu na jama'a ne. Talakan da bai taɓa sanin ana rubuta shi ba, a sakaya sunansa, a ba da lambar fayil da kwanan watan wasiƙa da sunan wanda ya rubuta da wanda aka aika wa, yadda mai son tabbatarwa zai iya zuwa Kaduna ko Birmingham ya buɗe da hannunsa.